Kafin mu zagi matuƙin da ya ƙi tashi

Wata Laraba ce cikin Janairu, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari har kana iya kallon rana ido da ido kamar farin faranti. Tun ƙarfe bakwai na safe muke ɗakin jira. Ƙarfe goma aka ce mu ƙara haƙuri, bayan azahar aka sake cewa mu ƙara haƙuri. Jirgin da zai ɗauke mu bai ma baro inda yake ba, domin ko ya zo ba zai iya sauka ba.

Wani dattijo cikin babbar riga ya miƙe ya nufi kanta. Yarinyar da ke wurin ba za ta wuce sa'ar autarsa ba.

"Ke, kira min manajanku. Ni na sauka a Landan cikin hazon da ba ka ganin tafin hannunka. Wannan 'yar ƙurar ce za ta hana jirgi sauka? Ku dai ku ce matuƙanku matsorata ne."

"Baba, ka yi haƙuri. Nisan gani bai kai yadda doka ta ce ba. Da zarar ya kai za a sanar."

"Wace doka? Wa ya kafa ta?"

Ta sunkuyar da kai, ba ta da amsa. Mutane suka taru a bayansa, kowa na tofa albarkacin bakinsa, wani har da buga kanta. Ni ma raina a ɓace yake, don ɗaurin auren da zan je ya riga ya wuce ni. Amma tambayar dattijon ta bi ni har gida, kuma ta cancanci amsa. Wa ya kafa dokar? Abin da na fahimta bayan dogon bibiya shi ne, kusan kowace lamba da ke cikin dokokin tashi da saukar jirgi akwai ranar da aka yi jana'iza kafin a rubuta ta. Shi ya sa nake ganin fushinmu na filin jirgi yana sauka a kan wanda bai kamata ba. Akwai masu laifi, zan zo kansu, amma matuƙin da ya ce ba zai tashi ba ba ya cikinsu.

Mu fara da tashi. Duk jirgin fasinja da ka taɓa shiga, kafin ya motsa an yi masa lissafi a kan zato guda mai ban tsoro: cewa injinsa ɗaya zai mutu a mafi munin lokaci, yana tsakiyar gudu a kan titi. Daga wannan zato ake fitar da wani gudu da matuƙa ke kira V1. Idan matsala ta auku kafin jirgi ya kai wannan gudu, a taka birki, kuma dole sauran titin ya isa a tsaya. Idan ta auku bayansa, babu tsayawa, sai a tashi da injin da ya rage, kuma dole jirgin ya kai ƙafa 35 sama da ƙasa kafin filin da aka ware masa ya ƙare. Ƙafa 35 bai kai mita goma sha ɗaya ba. Giginya mai shekaru ta fi haka tsawo. Bayan nan, jirgi mai inji biyu da ya rasa ɗaya dole ya iya hawa da aƙalla kashi 2.4 cikin ɗari, wato a duk mita dubu da ya ci gaba ya ƙara mita 24 a sama. Mai inji uku 2.7 ne, mai huɗu kashi 3. Wajen lissafin kauce wa gini ko tudu kuma, ana rage 0.8 daga na mai inji biyu, don a bar wa kuskuren ɗan Adam da tsufan inji gurbi. Ka ga ke nan ratar da ke tsakanin tsira da halaka ba ta da faɗi, kuma kowane kilo da aka ƙara a cikin jirgi yana cin wani abu daga cikinta.

Tunanin nan ya girmi kakannin da yawa daga cikinmu. A 1932 kamfanin TWA na Amurka ya nemi a ƙera masa sabon jirgi, ya kuma kafa sharaɗin cewa sai jirgin ya iya tashi da cikakken kaya daga kowane filin da kamfanin ke amfani da shi ko da inji ɗaya ya mutu. Kamfanin Douglas ya kawo DC-1 mai inji biyu. A Satumban 1933 aka kai shi Winslow a jihar Arizona, fili mai tudu da ya kusa ƙafa 5,000 sama da teku, aka kashe inji ɗaya yana cikin tashi, ya haye ya tafi har Albuquerque da guda ɗayan. Ka riƙe wannan ƙafa 5,000 a ranka, za mu sake haɗuwa da ita a Kano.

Da jiragen jet suka shigo, tsohon lissafi ya gaza. Comet na Birtaniya shi ne jet na farko da ya fara jigilar fasinja, a 1952. Ranar 26 ga Oktoban shekarar, wani Comet na kamfanin BOAC ya yi gudu a titin filin Ciampino na birnin Rum, ya ɗaga hanci, ya ƙi barin ƙasa, har titi ya ƙare. Ba wanda ya mutu. Aka ce laifin matuƙi ne, ya ɗaga hancin da wuri kuma ya wuce kima, aka mai da shi tuƙa jirgin kaya. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 3 ga Maris 1953, wani Comet ɗin na kamfanin Canadian Pacific ya yi irin wannan a Karachi, mutum goma sha ɗaya da ke ciki duk suka rasu. Sai a lokacin aka yarda cewa fiffiken jirgin kansa yana da aibi: idan hanci ya ɗagu da yawa a ƙasa, iska na daina ɗaukarsa, ta koma tana riƙe shi. Aka sake fasalin gaban fiffiken. Darasin da aka ɗauka ya shiga doka, har yau duk sabon samfurin babban jirgi sai an gwada shi ta hanyar ɗaga hancinsa har jelarsa ta riƙa jan ƙasa tana tartsatsi, don a san mafi ƙarancin gudun da zai iya tashi da shi. Daga nan ake ƙayyade gudun da matuƙi zai fara ɗaga hanci, da rata a kai.

A 1953 wani kwamitin ƙwararru na hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ya fitar da rahoto kan yadda ya kamata a gina waɗannan lissafe-lissafe bisa ƙididdigar yawan mutuwar inji da bambancin jirgi da jirgi. Amurka kuma ta fitar da dokar musamman ta jiragen jet mai lamba SR-422 a 1957, ta gyara ta a 1958, ta sake gyarawa a 1959. Gyara biyu cikin shekara biyu ya nuna maka cewa masu rubutun suna koyo ne suna tafiya. A wannan zamanin ne ƙafa 35 ta maye gurbin ƙafa 50 da ake amfani da ita ga jirage masu farfela.

Masu son ƙwallo sun san ranar 6 ga Fabrairu 1958, ko da ba su san alaƙarta da wannan magana ba. 'Yan wasan Manchester United na dawowa daga Belgrade, jirginsu ya tsaya shan mai a Munich. Sau biyu ana fara gudu ana fasawa. A karo na uku, jirgin ya shiga ɓangaren titin da narkakkiyar ƙanƙara ta kwanta kamar kunu, sai allurar gudu ta fara komawa baya maimakon ta ci gaba. Titi ya ƙare, jirgin ya fasa shinge ya daki wani gida. Mutum 23 suka rasu, takwas daga cikinsu 'yan wasa. Hukumomin Jamus suka ɗora wa matuƙin, Kyaftin James Thain, laifin cewa bai share ƙanƙarar da ke kan fiffike ba. Kamfaninsa ya sallame shi, ya koma kiwon kaji. Sai a 1969 binciken Birtaniya ya wanke shi, bayan gwaje-gwaje sun nuna yadda wannan taɓon ƙanƙara ke riƙe tayoyin jirgi. Bai sake tuƙa jirgin fasinja ba har ya rasu a 1975. Labarin mutumin nan yana taɓa ni ƙwarai, domin shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗauke da gawar mutum 23 a wuyansa kan abin da ilimin zamaninsa bai gano ba tukuna. Yau ruwan da ya kwanta a titi, ko ƙanƙara, ko laka, duk suna da nasu shafin a littafin lissafin tashi. Ko birki ma sai da wani DC-10 ya zarce titi a Dallas a 1988 saboda birkinsa ya cinye, sannan aka wajabta yin gwajin tsayawa da birkin da ya kusa ƙarewa, ba da sabo fil ba.

Mu ba mu da ƙanƙara, zafi gare mu. Littattafan jirgi suna ɗaukar digiri 15 a bakin teku a matsayin ma'auni. Iska mai zafi sakayau take, inji ba ya samun abin da zai shaƙa sosai, fiffike ba ya samun abin da zai dogara a kai. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudun da ya ɗan haura ƙafa 1,500. A ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yake yi a Afrilu da Mayu, jirgi yana jin kamar yana tashi ne daga wurin da ya kusa ƙafa 5,000. Kano da rana tsaka a bazara ta zama Winslow ke nan.

Duk wanda ke Kano ranar Asabar 4 ga Mayu 2002 ya san abin da nake shirin faɗa. Jirgin BAC 1-11 na kamfanin EAS zai tafi Legas da tsakar rana. Ana gyaran babban titi, don haka ta gajeren ya bi. Binciken da aka yi ya nuna jirgin ya cinye titin bai tashi ba, ya shiga ƙasa ya tayar da ƙura, injinan suka shaƙe ta, ya ɗaga da ƙyar ba tare da isasshen gudu ba, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Sama da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Mutanen da ke zaune a tsakar gida ba su sayi tikiti ba, ba su san V1 ba, amma lissafin ya shafe su. Shekara guda da rabi bayan haka, ranar Kirsimetin 2003, wani Boeing 727 da zai je Beirut ya kasa hawa a Kwatano, ya daki wani gini a ƙarshen titi ya faɗa bakin teku, kimanin mutum 140 suka mutu. Masu bincike sun gano an loda masa kayan da suka zarce abin da aka gaya wa matuƙan da tan da yawa.

Saboda haka idan aka ce maka jakarka za ta biyo jirgin gobe, ko aka ce wa alhazai kayansu zai zo daga baya, ko aka ɗage tashi daga ƙarfe biyu na rana zuwa bayan magariba lokacin da gari ya yi sanyi, akwai yiwuwar wani ne ya zauna ya yi lissafin nan da gaskiya. Mai roƙon ma'aikaci a asirce ya shigar masa da ƙarin buhu ba tare da an auna ba, yana ganin wayo ya yi, alhali daga mita 24 ɗin nan ya gutsura.

Sauka kuma nata tarihin daban ne, kuma ita ce ta hana mu tafiya a ranar da nake ba da labari. A farkon zamanin jirgi, matuƙi da ido yake tuƙi, yana bin layin dogo da koguna. Ranar 24 ga Satumba 1929, a filin Mitchel kusa da New York, Jimmy Doolittle ya shiga jirgi aka rufe shi da murfi ba ya ganin waje, ya tashi, ya zagaya, ya sauka da na'urori da siginar rediyo kaɗai. Jamusawa suka ƙera nasu tsarin na Lorenz a shekarun 1930. Ranar 26 ga Janairu 1938 wani jirgin fasinja daga Washington ya sauka a Pittsburgh cikin guguwar ƙanƙara yana bin siginar na'urar jagorar sauka da yau ake kira ILS. Bayan an rattaba hannu kan yarjejeniyar Chicago ranar 7 ga Disamba 1944, aka kafa ICAO, wadda ta fara aiki a 1947 da hedikwata a Montreal, ta kuma ɗauki ILS a matsayin tsarin duniya a 1949. Na'urar tana aika sigina biyu: ɗaya na nuna tsakiyar titi, ɗaya na nuna gangaren sauka, galibi digiri uku.

Sai dai sigina ba ta isa ba, sai an san abin da ke ƙarƙashin hanyar. Nan aikin masu zana hanyoyin sauka ya shigo, mutanen da fasinja bai taɓa ganin fuskarsu ba. Littattafai biyu ne suka mamaye wannan fanni: na Amurka da ake kira TERPS, da na ICAO da ake kira PANS-OPS, wanda yawancin ƙasashen duniya ke bi. Mai zanen yana auna kowane tudu, kowane dogon gini, kowane ƙarfen sadarwa da ke kewaye da fili, ya shimfiɗa wani rufi na lissafi a kansu, ya ƙara rata, sannan ya ce: jirgi zai iya saukowa zuwa tsayi kaza, idan matuƙi bai ga titi ko fitilunsa ba a nan, dole ya ƙara wuta ya koma sama. A ILS mataki na ɗaya, wannan tsayi ba ya gaza ƙafa 200, nisan gani a kan titi kuma mita 550. Jirgin da ke ƙafa 200 saura ƙasa da sakan ashirin ya taɓa ƙasa. A filin da ba shi da ILS mai aiki, tsayin da nisan ganin da ake buƙata sun fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙurar da ba ta hana ka tuƙa mota ba take hana jirgi sauka.

Ranar 1 ga Disamba 1974, jirgin TWA mai lamba 514 ya nufi filin Dulles kusa da Washington cikin hadari. Mai kula da zirga-zirga ya ce masa an ba shi izinin fara hanyar sauka. Matuƙan suka fahimci cewa izinin na nufin su sauko ƙafa 1,800 nan take. Shi kuma mai ba da izinin yana nufin su bi tsayin da taswira ta nuna har su isa wurin da ya dace. Jirgin ya daki dutsen Weather a jihar Virginia, mutum 92 suka mutu, a kan jimla ɗaya da mutum biyu suka fahimta daban. Abin da ya fi ciwo shi ne, makonni shida kafin nan wani jirgin kamfanin United ya yi wannan kuskuren a wannan wurin, ya tsallake dutsen da ƙyar. Matuƙansa sun ba da rahoto a cikin kamfaninsu, amma labarin bai isa TWA ba. Bayan haɗarin aka fayyace ma'anar kalmomin izini, aka wajabta na'urar da ke yi wa matuƙi ihu idan ƙasa ta matso, aka kuma kafa tsarin da hukumar NASA ke gudanarwa tun 1976, inda matuƙi zai faɗi kuskurensa ba tare da an bayyana sunansa ba. Ina ma a ce muna da irin wannan al'ada a asibitocinmu da tashoshin motarmu.

Ba ina cewa littattafan nan saukakku ba ne. Mutane ne suka rubuta su, kuma sun yi kuskure. Ranar 15 ga Afrilu 2002 wani Boeing 767 na Air China yana zagayen sauka da ido a Busan ta Koriya ta Kudu, ya makara wajen juyawa, titi ya ɓace masa cikin gajimare, bai koma sama ba, ya daki dutse. Mutum 129 suka rasu. Matuƙan sun yi kurakurai, amma haɗarin ya tono wani abu: taswirar filin bisa TERPS aka zana ta, wanda a lokacin yake kare irin wannan jirgi a zagayen da bai wuce kilomita uku da ɗoriya daga bakin titi ba, alhali littafin ICAO yana ba da kusan kilomita takwas. Matuƙin da ya saba da ɗaya zai iya zaton yana cikin kariya alhali ya fita. Sai daga 2013 Amurka ta fara fitar da taswirori masu faɗaɗɗen zagaye. A Dubrovnik ta Kuroshiya kuma, jirgin sojan Amurka da ya kashe sakataren kasuwancin Amurka Ron Brown da sauran mutum 34 a 1996, binciken ya lissafa kuskuren zanen hanyar saukar cikin dalilan haɗarin. Duk inda aka gano kuskure irin wannan, da aune-aune da bincike aka gyara shi. Ban taɓa jin inda aka gyara lamba don fasinja sun yi hayaniya a kanta ba.

Yanzu mu koma kan maganar dattijon nan, don yana da gaskiya a abu guda: jirage na sauka a Landan cikin hazon da ya fi namu. Ingila ta kafa sashen binciken sauka cikin hazo tun 1945, kuma a tsakiyar shekarun 1960 jirginsu Trident ya fara sauka da kansa da fasinja a ciki. Abin da ake kira ILS mataki na uku ke nan. Amma kafin fili ya samu wannan matsayi, sai na'urarsa ta kai wani inganci, sai an jera fitilu a gaban titi da tsakiyarsa, sai wutar ajiya ta iya karɓa cikin sakan guda idan ta gari ta ɗauke, sai an riƙa zuwa da jirgin gwaji a kai a kai yana auna siginar, sai an hana motoci da jirage kusantar eriya lokacin da ake amfani da ita. Jirgin kansa sai yana da kayan, matuƙan kuma sai sun yi horon suna sabunta shi. Matuƙin Landan bai fi namu jarumta ba, kayan aiki aka ajiye masa. A farkon 2020 mun ga yadda aka yi kwanaki ana karkatar da manyan jiragen ƙasashen waje daga Legas zuwa Accra saboda hazo ya sauka alhali ba a kammala daidaita na'urorin sauka ba. Hunturu ba baƙo ba ne. Tun ranar da jiragen sojan Birtaniya uku suka fara sauka a Kano a Nuwamban 1925, kowace shekara yana zuwa a lokacinsa. Mai tambaya ya tambayi NAMA mai kula da na'urorin zirga-zirgar jirage, da FAAN mai kula da filayen jirgi, da ma'aikatar sufurin sama, a Nijar kuma ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage a can: wace na'ura ce ke aiki a filin garinmu, yaushe aka yi mata gwajin ƙarshe, fitilu nawa ne suka mutu, me ya hana a kammala gyara tun watan Oktoba? Waɗannan tambayoyi ne da 'yan majalisa da 'yan jarida za su iya yi, kuma suna da amsa a rubuce.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu mazauna gari. Hanyar tashi ana kare ta ne da wani gangare na lissafi, kusan mita ɗaya a sama a duk mita arba'in a gaba. Ƙarfen sadarwa mai mita 50 da aka kafa kilomita ɗaya daga ƙarshen titi ya ninka tsayin wannan rufi sau biyu. Idan an san da shi, sai a tilasta wa jirage hawa da sauri, wanda ke nufin rage kaya ko fasinja, ko a ɗaga tsayin da matuƙi zai yanke shawarar sauka, wanda ke nufin ƙarin kwanakin da ba za a sauka ba cikin hunturu. Idan ba a san da shi ba, ya fi muni. Dokar NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama a Najeriya, ta ce sai an nemi izinin tsayi kafin a kafa irin wannan, amma duk mun san yadda unguwanni suka matso filayen jiragenmu, da yadda ake yanka fili a sayar a tashi bene ba tare da kowa ya ɗaga kai ya dubi abin da ke wucewa ta sama ba. Sababbin hanyoyin sauka masu amfani da tauraron ɗan Adam ma, da ake fatan su taimaki ƙananan filaye, ba su da amfani idan ba a sake auna abin da ke ƙasa ba.

Kamfanonin jirage kuma ba zan wanke su ba. Sau da yawa ana fakewa da yanayi alhali jirgin ne ya lalace, ko an haɗe tafiya biyu don kujeru ba su cika ba. Wannan ƙaryar ce ta sa ranar da hazon gaske ya zo ba wanda ke yarda. Me zai hana a rubuta a allo: nisan gani yanzu mita kaza, abin da ake buƙata a wannan fili mita kaza? Hukumar hasashen yanayi, NiMet, na auna shi a kai a kai, ba sirri ba ne. Da an nuna wa dattijon nan lambobin biyu, ina kyautata zaton da ya koma ya zauna.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da hayaniya za ta yi tasiri. Matuƙi mutum ne, yana da maigida, yana jin ana cewa kamfanin su wane ya sauka, ku me ya hana ku. Idan a bayansa akwai mai mulki da ke sauri, nauyin ya ninka. Ranar 10 ga Afrilu 2010 jirgin shugaban Poland, Lech Kaczyński, ya sauko ƙasa da tsayin da aka halatta cikin hazo a Smolensk ta Rasha, mutum 96 suka mutu. A gida, ranar 10 ga Disamba 2005, jirgin kamfanin Sosoliso ya iso Fatakwal cikin ruwa da iska. Rahoton bincike ya ce matuƙan sun wuce tsayin yanke shawara ba su ga titi ba, suka makara wajen komawa sama, ya kuma ambaci cewa fitilun filin ba a kunne suke ba. Mutum 108 suka rasu, sittin daga cikinsu ɗaliban sakandare ne masu komawa gida hutu, iyayensu na tsaye a filin suna jiransu.

A ranar tamu, wajen ƙarfe biyar na yamma aka sanar an soke tafiyar. Na ga matuƙan wani jirgin da shi ma ya kwana a ƙasa suna fitowa, kyaftin ɗin da mataimakiyarsa, suna jan jakunkunansu. Wani matashi ya ɗaga murya ya ce, "Kyaftin, ku ji tsoron Allah, mutane na da uzuri!" Mutumin ya tsaya, ya juyo, ya nuna taga da hannu. Daga inda muke ba a ganin jelar jirgin da ke fake a gaban ginin sosai, balle hasumiya.

"Ƙanena," ya ce, "ni ma 'ya'yana na jirana a gida. In ya washe da safe, ni zan fara kiran ku."

Washegari ƙarfe goma sha ɗaya iska ta ɗan juya, aka fara ganin bishiyoyin da ke bayan shinge, aka kira mu. Dattijon yana layi a gabana, da carbinsa a hannu. Da ya zo wurin yarinyar ya miƙa mata tikiti, ya ce, "'Yata, jiya na ɗaga miki murya, ki yafe ni." Ta ce, "Ba komai, Baba, Allah ya kiyaye hanya."